Haruffa Biyar a Jikin Tanki

Akwai mutanen da gara a cire musu haƙori da su buɗe baki su ce ba su sani ba. Ja'afaru mai kula da lambun Abdussamad a Awali yana cikinsu, kuma Khalilu mai haɗa famfo ne ya kwashi zafin wannan hali, a shekarar da aka yi ƙwallon duniya a Isbaniya, cikin watan Zulƙida, ana tsakiyar sauke dabino a Madina.

Khalilu Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno. Shekararsa tara yana aiki a shagon Mu'allim Sabo da ke Ƙuba, kuma Sabon ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, fasfonsa ma yana cikin durowar shagon. Larabci yana karanta shi tsaf, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Ranar wata Asabar aka tura shi Awali ya kafa sabon tankin ruwa da Abdussamad ya sayo daga Jidda, tankin ƙarfe rufaffe a kan dogayen ƙafafu. A cikinsa akwai ƙwallon roba da ke tashi idan ruwa ya tashi, a waje kuma agogo mai allura ɗaya da kalmomi biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Takardar bayani ta tafi da kwalin da masu mota suka yar a hanya. Khalilu ya haɗa komai yadda ramukan ƙusa suka nuna, ya kunna injin rijiya, ya ga allura na tafiya daga hagu zuwa dama yayin da ruwa ke hawa, ya kashe, ya tattara kayansa ya koma Ƙuba.

Ranar Litinin da azahar aka aiko ya zo maza.

Tun daga ƙofar lambun ya ji warin. A gindin tankin nan ake shanya dabino a kan tabarmi, kuma ajwa ce, dabino mai tsada, kwana huɗu a shimfiɗe. Ruwa ya yi ambaliya daga sama, ya sauko kanta, ya cakuɗa ta da laka. Ƙudaje sun taru baƙi ƙirin. Abdussamad na tsaye da carbi a hannu bai ja ko ɗaya ba. Kakansa daga Katsina ya zo da ƙafa, shi kuwa a nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa.

Ja'afaru ne ya fara magana, tun kafin a gama sallama. Shi ya yi aji huɗu na firamare a Haɗeja kafin ya fito, kuma da wannan aji huɗun aka ɗauke shi daga riƙon shebur aka ba shi makullin inji.

"Zo ka ga aikinka, Mu'allim Khalil," in ji shi, yana buga agogon da farce. "Karanta mini nan."

"Ka san ba na karanta wannan rubutu, Malam Ja'afaru."

"To ni ina karantawa. L, L, E, N, O. Leno. Ka ga ƙarshenta? No. Duk wanda ya taka ƙofar makaranta ya san no na nufin babu. Na zo da safe na ga allura a kan babu, na kunna inji na tafi kewayen bishiyoyi. Ashe tankin cike yake. Ka juya agogon baibai, ya ustaz."

Khalilu ya ce agogon ba ya juyuwa, rami huɗu ne da ƙusa huɗu, kuma hanya ɗaya suke shiga. Ya ce ko babu rubutu, wanda ya ƙwanƙwasa tanki zai ji ko da ruwa a ciki. Ja'afaru ya ce shi ba a ɗauke shi aikin ƙwanƙwasa ba, an ɗauke shi ne don yana karatu. Abdussamad ya dubi wannan ya dubi wancan. Ɗaya yana da haruffa a baki, ɗaya ba shi da komai sai rantsuwa, kuma mutane haka suke, wanda ya fi iya jera magana shi suke bai wa gaskiya.

Da yamma Mu'allim Sabo ya kira shi bayan shago. Sabo ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma rabin lambunan Awali da yake yi wa aiki na dangin Abdussamad ne.

"Ni ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba," in ji Sabo, yana kallon ƙasa. "Amma sunan shagona ake kira. Ranar Alhamis da hantsi zan je Awali. In ka kawo wanda zai faɗa mana ma'anar kalmar nan, halas, magana ta ƙare. In ba ka kawo ba, ka ba ni makullin akwatin kayan aiki, in ba ka fasfonka, bayan hajji ka nemi jirgin Bur Sudan."

Khalilu ya koma lambun kafin magariba da fensir da bayan kwalin shayi. Ya zana kalmomin biyu kamar yadda ake zana hoto, sanda biyu masu ƙafa, tsefe mai haƙori uku, har zuwa zagayen ƙarshe. Ya zana wasu ƙananan haruffa da ya gani a gindin agogon. Ya ninke kwalin ya sa a aljihun gaba.

Talata ya fara da kantin magani da ke kusa da masallacin Ƙuba, inda wani Ba'indiye ke aiki. Mutumin ya duba, ya ce wannan ba Turancin Ingila ba ne, ya mayar masa da kwalin. Shi kaɗai ne a ranar ya yi abin kirki, don bai ƙara komai a kan abin da ya sani ba. Wani malamin makaranta Bamisire ya ɗaga tabarau ya ce tabbas Italiyanci ne, sunan kamfanin da ya ƙera tankin ne, ba shi da wata ma'ana. Wani direban bas ya ce sunan mace ne, ya taɓa ganin irinsa a jikin kwalbar turare. Mai rubuta takardun koke a bakin ofishin gidan waya ya riƙe kwalin a juye, ya ce ma'anarsa hattara. Khalilu ya juya masa kwalin daidai, mutumin ya ce to har yanzu hattara ce. Aka buga wa dillalin Jidda waya sau uku, yaron shago ya ce maigida yana Makka sai bayan salla. Rana ta yi zafi har kwalta na kama takalmi, kwalin ya jiƙe da gumi, kuma kowane mutum da ya tambaya ya ƙara masa ma'ana ɗaya da ba ta haɗu da ta baya ba.

Laraba da safe ya je wurin Idrisa tela, mutumin Abeshe a Cadi, wanda ya yi makarantar Faransa. Idrisa ya ajiye almakashi ya daɗe yana kallo.

"Wannan ƙaramin rubutun na ƙasa cewa yake Isbaniya aka yi shi. Wannan na sani. Ta hagun kuma, mai farawa da V, ta yi kama da kalmar Faransa ta abin da ba komai a ciki. In ita ce babu, to ɗayar ita ce cike."

"To zo ka faɗa musu gobe."

"In faɗa musu ta yi kama? Wallahi Ja'afaru zai cinye ni ɗanye. Zai ce in rantse da Alƙur'ani, ni kuwa ba na rantsuwa a kan ta yi kama. Nemo ɗan Isbaniya, ɗan'uwa."

"A Madina? Ina zan samo ɗan Isbaniya a Madina? Su da ba Musulmi ba, ba sa wuce shingen hanya?"

Idrisa ya ɗaga kafaɗa ya koma kan kekensa.

Khalilu ya dawo gida bayan azahar. Matarsa Zenabu ta dawo daga aikin safe, tana dafa abinci a wani gidan saukar alhazai kusa da Harami. Ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, ya tura kwanon gefe kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya, ya shimfiɗa kwalin a kan tabarma yana ta maimaita leno, leno.

"Baban Hawa, ka ishe ni da lenon nan," in ji ta. "Kwana uku ba ka ci ba, kana karanta kwali kamar laya. Ni ma ina da nawa a wurin aiki, ba na kawo maka gida. Mijin yeno, matar yena. Kullum na zo ƙara musu shinkafa sai su dafa ciki, yeno, yena. Da farko na ɗauka sunan miya suke tambaya."

"Su wa?"

"Baƙin da na gaya maka. Fararen nan da suka musulunta, 'yan Isbaniya, na ɗaki na bakwai."

Khalilu ya miƙe tsaye har ya taka gefen kwanon. "'Yan ina? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ranar Juma'a na faɗa maka, kana gyaran rediyo ka ce uhm. Ranar Lahadi na ce matar ta ba Hawa ɗankwali, ka ce uhm. Jiya na fara magana ka ce in bar ka da abin da ya dame ka. To na bar ka."

A nan shi ma yana da nasa laifin, kuma ba za a rufe masa ba. Ya zaga rabin gari yana tambayar baƙin fuska, alhali amsar tana kai masa tuwo sau biyu a rana.

Bayan la'asar suka tafi tare. Baƙon dogo ne mai jan gemu, sunansa na Musulunci Mansur, shekara uku da karɓar kalmar shahada, kuma Larabcinsa bai wuce sallama da Fatiha da alhamdu lillahi ba. Yana zaune a tsakar gidan da matarsa, butar shayi a gabansu. Khalilu ya yi sallama ya miƙa kwalin da hannu biyu.

Mansur ya duba sau ɗaya ya ce, "Yeno."

Khalilu ya girgiza kai ya ce, "La, la. Leno." Haka Ja'afaru ya karanta, kuma kwana uku ke nan yana yawo da ita haka a bakinsa.

Baƙon ya yi murmushi. Ya ɗora yatsa ya rufe sandunan nan biyu na farko tare, ya ce, "Ye." Ya matsar da yatsa ya ce, "No." Sannan ya haɗa: "Yeno." Ya jawo kofin shayi, ya tsiyaya har sai da ya kai baki yana rawa, ya nuna shi ya ce yeno. Ya shanye, ya kife kofin a tafin hannunsa, ya nuna ɗaya kalmar ya ce, "Basiyo."

Khalilu ya zauna a ƙasa ba tare da an ce ya zauna ba.

Matar baƙon ta ɗaga butar, ta girgiza ta don a ji nauyinta, ta ce, "Yena." Khalilu ya ɗaga kai da sabon tsoro, don kada a ce kalma biyu ce. Zenabu ta ja masa hannun riga.

"Kai ma sai ka ce ba Bahaushe ba. Kofi cikakke, buta cikakkiya. Namiji da mace ne. Shi ya sa shi yake cewa yeno ita take cewa yena."

Mansur ya ga sun kama, sai abin ya yi masa daɗi. Ya tashi ya buɗe tagar da ke kallon titi, inda alhazai ke tururuwa zuwa Harami kafaɗa da kafaɗa, ya ce yena. Ya nuna wata bas da mutane ke rataye a ƙofarta ya ce yeno. Ya dafa cikinsa ya kumbura kumatu ya ce yeno. Khalilu ya ce a ransa, ashe su tanki da titi da cikin mutum duk kalma ɗaya suke yi musu, mu kuwa tulu ne ke cika, mutum ƙoshi yake yi. Da hannu da zane a bayan kwalin ya roƙi baƙon ya raka shi wani lambu gobe da safe. Da ya zana bishiyar dabino, Mansur ya ce insha Allah, kuma ita ce kalmar Larabci ta huɗu da aka ji daga bakinsa.

Alhamis da hantsi suka isa Awali a bayan motar Mu'allim Sabo. An kwashe dabinon da ya lalace, amma ƙasa tana nan da danƙo. Abdussamad ya ga baƙo mai shirin hajji a ƙofarsa, ya sa aka shimfiɗa darduma a inuwa, aka kawo gahawa da faranti na ɗanyen dabino. Ja'afaru ya tsaya daga gefe da makullin inji a rataye a wuya.

Aka fara da tankin. Mansur ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ji shi dum, ya dubi allura a dama, ya ɗaga babban yatsa ya ce yeno. Khalilu ya cika kofi a gaban kowa ya nuna masa, Mansur ya ce yeno. Khalilu ya zubar, Mansur ya ce basiyo. Khalilu ya juya yana jiran a ce an gama.

"Wannan yeno ya ce," in ji Ja'afaru. "Abin da ke rubuce leno ne. Ina Y a nan? Ku nuna mini Y. Wa ya san ma ko ɗan Isbaniyan ne? Ƙila Baturke ne ka samo a tasha ka koya masa a hanya."

"Ka ji tsoron Allah, Malam Ja'afaru. Mutumin nan baƙon Manzon Allah ne."

"Ina jin tsoron Allah, shi ya sa ba zan ce L ta zama Y don a faranta maka ba. Kuma no fa? An daina cewa no babu ne?"

Khalilu ya kawo mai harshen da kansa, ya tsayar da shi a gindin tankin, kuma har yanzu aji huɗun Haɗeja na neman rinjayarsa. Sabo ya soma kallon ƙasa irin kallon ranar Litinin. Abdussamad ya shafa gemu ya ce a zauna tukuna, baƙo bai ci komai ba.

Aka zauna. Mutanen Madina ba sa barin baƙo ya ɗaga hannu daga faranti. Mansur ya ci biyar, Abdussamad ya tura masa wasu. Ya ci goma, aka kawo wani iri aka ce wannan bai ɗanɗana ba. Ƙwallayen dabino suka taru a gabansa. Da aka kawo faranti na uku Abdussamad ya zaɓo babba da kansa ya kai masa har kusa da baki. Mansur ya ja baya, ya kaɗa hannu a iska.

"No, no," ya ce. Sannan ya dafa cikinsa da hannu biyu. "Yeno. Alhamdu lillahi. Yeno."

Ja'afaru ya yi tsalle. "Kun ji! No! Da bakinsa ya ce no!"

Abdussamad yana kallon tulin ƙwallayen da ke gaban baƙon, yana kallon hannuwan da ke kan cikin. Ya ajiye dabinon a hankali. Sai ya yi magana da Hausa, abin da ma'aikatansa ba su taɓa ji ba, Hausar kakansa mai nauyi a harshe.

"Ja'afaru. No ɗin da hannu ya yi ta, ya ƙi abinci. Ɗayar a kan cikinsa ya ɗora ta. Mutum ya ci dabino ashirin da wani abu. Cikinsa babu komai ne?"

Ja'afaru ya ce ai harshen nasu ne ba shi da tsari, mutane su rubuta L biyu su karanta Y, su manna no a gindin kalmar da ke nufin akwai, wa zai gane? Ya ce shi da ma tun farko ya yi shakka. Abdussamad ya miƙa hannu, ya jira har aka ciro makullin daga wuya aka ɗora masa a tafi. Ya juya wurin Khalilu ya ce ma'alesh, wato yi haƙuri, kalma ɗaya, kamar wanda ya taka masa ƙafa a sahu. Sabo ya ce shi ai bai taɓa shakkar yaronsa ba, shekara tara ba wasa ba ce. Khalilu ya taɓa aljihunsa ya ji makullin akwatin kayan aikinsa yana nan. Game da kwana ukun da bai ci abinci ba, ba wanda ya ce komai.

Kafin su tafi Abdussamad ya sa aka kawo gwangwanin jan fenti ya ce a rubuta da Larabci a ƙarƙashin kowace kalma, don kada a sake. Khalilu ya hau tsani da buroshi. Ya rubuta malyan, wato cike, a dama, ya matsa hagu ya fara rubuta fadi, wato babu komai. Ja'afaru, da shebur a kafaɗa yanzu, ya tsaya a gindin tsanin ya ɗaga kai yana ƙanƙance ido.

"Mu'allim Khalil," in ji shi, "alifin nan naka ya karkace."

Khalilu ya tsoma buroshin a fenti, ya bi ta kan alifin sau biyu har ya yi kauri, bai waiwaya ba.